Ɓarawon Ranar Laraba

Sojan ruwa hanya guda ya sani ta neman wanda ya ɓata, ko daga barci ka tashe shi ita zai karanto maka. Za a ɗiga alƙalami a kan taswira a ce nan aka yi masa ganin ƙarshe. Daga wannan ɗigon jirgi zai fara kewaye, ƙarami, sai wanda ya fi shi, sai wanda ya fi wannan, har a tsinci mutum ko mai ya ƙare. A teku hanyar tana ci, don wanda ya faɗa ruwa ba shi ya zaɓi inda zai faɗa ba. Rundunar su Odessa Tillery kuwa sai ta kinkimi hanyar ta hau duwatsu da ita. Sojojin ruwa ne masu helikwafta uku a wani tsibiri na jihar Washington, amma sun manta rabon da su jiƙa ƙafa. Asali an ajiye su ne saboda matuƙan jiragen yaƙi da ke atisaye a kan tsaunuka, sai ya zama mafarauta da masu hawan dutse da masu ɗaukar hoton kansu a bakin kwazazzabo ne suka fi cin moriyarsu.

Odessa ce mai jinyar jirgin, ita ake zura wa igiya a sauke ta wurin wanda ya ji ciwo, shi ya sa kowa Dokta yake ce mata. 'Yar bakin tekun Alabama ce, ta shiga soja don ta ga duniya ta kan ruwa, aka kawo ta inda ko a watan Yuli sai ta sa safa biyu. Tana da hali guda da ya ishi abokan aikinta: ba ta iya ganin abu ta wuce. In ta shiga gidanka sai ta ji dalilin da ya sa agogon bangonka ya yi gaba da minti biyar. Ba gulma ba ce, don ba ta kai wa kowa. Ita dai in ba ta sani ba, abinci ma ba ya yi mata daɗi.

Ran Litinin ta makon ƙarshe na Oktoba wani tsoho mai suna Minoru Kageyama, ɗan shekara saba'in da tara, ya fita tsintar matsutake, naman kazan nan da ke ɓuya a ƙarƙashin gansakuka, bai dawo ba. 'Yan sandan gunduma suka sami motarsa a ƙarshen wata hanyar masu saran katako, suka kira sojan ruwa. Aka ɗiga alƙalami a kan motar. Talata aka yi ta kewaye, Laraba aka faɗaɗa, masu neman sa kai arba'in da biyu suka tattake gangaren arewa da karnuka. Ko hularsa ba a gani ba.

Ran Alhamis gajimare ya zauna a kan duwatsu tun da safe, don haka matuƙinsu, Kwamanda Brandvold, ya sauke jirgin a wani filin tsakuwa kusa da motar, inda 'yan sanda suka kafa tanti, ya kashe injin a jira. Masu hasashen yanayi sun riga sun faɗa: ƙarfe biyu na rana dusar ƙanƙara ta farko za ta sauka. In ta rufe tsohon da ya kwana uku a waje, ba mai sake ganinsa sai bazara. Kowa a filin ya san haka, shi ya sa ba mai ɗauko zancen.

Odessa ta karɓi kofinta ta nufi motar. Tsohuwa ce mai dogon baya, a wanke tas. Ta kifa fuska a gilashi tana leƙe. An kwantar da kujerun baya, an shimfiɗa kwali, a kan kwalin akwai ɗigon baƙin mai da siririn sawun taya na busasshiyar laka. A ƙarƙashin kujerar direba bakin famfon keke ya leƙo.

“Dokta, in mai motar ya dawo ya same ki kina goga masa hanci a gilashi, ni ban san ki ba,” in ji Nacho Saucedo, wanda ke riƙe injin igiya a jirgin, kuma shekara uku ke nan ransa da nata suna rataye a waya ɗaya.

“In ya dawo ai mun huta. Zo ka gani. Me mutum zai yi da famfon keke a motar da ba keke?”

“Ni shekarata huɗu da sandar kamun kifi a mota, ban taɓa jiƙa ta ba. Bar mutane da tarkacensu.”

Ba ta bar su ba. Ta tafi wurin 'yar tsohon, Arlene, wadda ke tsaye a bakin tanti cikin rigar sanyin da ba tata ba, idonta ya yi ja.

“Yi haƙuri da tambaya, Baba yana hawa keke?”

“Keke? Akwai wani a rataye a gareji tun ina makaranta.”

“Kin gan shi a wannan makon?”

Arlene ta girgiza kai. Ba ta duba ba. Wa zai tuna da keke a irin wannan halin?

“Bai taɓa gaya miki inda yake tsinta ba?”

Matar ta yi 'yar dariyar gajiya. “Mahaifiyata ta zauna da shi shekara arba'in da shida bai gaya mata ba. Ni ya ce sai na ƙara hankali. Shekarata hamsin da ɗaya.”

A nan ne idon Odessa ya kai kan wani tsoho can gefe, zaune a kujerar naɗewa kusa da motarsa, da bargo a cinya. Ta tuna jiya da shekaranjiya ma ta hango shi daga sama da yamma, a daidai wurin. Duk wanda ke filin nan arewa yake kallo, inda masu nema suka shiga. Shi kaɗai ya ba gangaren baya.

“Kawu Sab ne, Saburo Iseri,” in ji Arlene. “Tun suna firamare suke tare da Baba. Ba ya magana, ba ya ci, na rasa yadda zan yi da shi.”

Odessa ta je ta tsugunna gabansa.

“Baba, sannu da zama. Kowa arewa yake kallo, kai kaɗai kake kallon gabas. Me ke can?”

“Wuyana ke ciwo.”

“Jar lakar da ke wandonka ma wuyan ne ya kwaso ta? Nan dai duk farar tsakuwa ce.”

Tsohon ya dubi wandonsa, ya ja bargo ya rufe, sannan ya dube ta. “Ke likita ce ko 'yar sanda?”

“Yau duk wadda ta samu.”

Ya daɗe yana murza murfin fulas ɗinsa kafin ya yi magana, kuma da ya fara, faɗa ya fara yi mata.

“Ku kun ga mota kun ce nan yake. 'Yar nan, mai tsintar matsutake ba ya ajiye mota inda zai shiga daji. Wanda ya yi haka ai allo ya kafa ya rubuta ku zo ku ɗiba. A ajiye a nan, a tafi can. Akwai masu tafiya da baya a cikin laka saboda sawu. In ka cire ɗaya ka mai da gansakuka ka shafe ramin. Uba ɗa ɗaya yake nuna wa, shi ma sai ya ji ƙafarsa ta fara gazawa.”

“Ka gaya wa 'yan sanda haka?”

“Ran Talata na ce su duba gabas. Suka ce yaya aka yi na sani. Na ce a jikina nake ji. Suka ba ni kofi.”

“To yaya aka yi ka sani, Baba?”

Ya dubi inda Arlene take, ya rage murya.

“Namu wurin, na mahaifina, masu katako suka aske shi shekara goma sha biyu da suka wuce. Kaka guda na yi ban ɗanɗana ba. Kaka ta biyu sai na bi Minoru a ɓoye, na ga inda yake ɓoye keke, na ga inda yake durƙusawa. Tun daga nan duk Laraba nake zuwa, don ran Laraba yake kai matarsa Haruko wankin ƙoda. Yana asibiti riƙe da hannunta, ni ina durƙushe a wurinsa ina cika jaka. Da yamma in je gidansu in yi musu sannu.” Ya gyara bargon. “Ta rasu shekara shida ke nan, amma har yau ba ya hawa dutse ran Laraba. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba, tunda ni abin ya yi wa daɗi.”

“Lakar fa?”

“Jiya da safe na je da kaina. Na ce in same shi ni kaɗai, in zagi ne ya zage ni mu biyu. Ina kaiwa gada ta biyu gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Bara ma haka ta yi mini, bara waccan ma haka. Kaka biyu ke nan ban taka wurin ba.”

Haushi ya kama Odessa, na kwana biyun da aka zubar a gangaren da ba kowa. Tausayi kuma ya zo ya zauna a kan haushin. Ta miƙe ta ce, “Taso, Baba. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce.”

Kwamanda Brandvold mutum ne da bai cika magana ba, kullum da tsinken sakace a baki. Ya saurari labarin, ya cire tsinken, ya shimfiɗa taswira a kan motar 'yan sanda. “Nuna mini, Baba.”

Saburo ya dubi taswirar kamar jaridar wata ƙasa. Ya juya ta, ya sake juyawa. “Ni ban san wurin da takarda ba. Da ƙafa na san shi.”

“Ko mu ɗauke shi, yallaɓai?” in ji Nacho.

“Daga sama duk itace ɗaya ne, ba abin da zan gane,” in ji tsohon.

Sai Odessa ta ce, “To ya tafi da ƙafar. Ya zauna nan da oba-oba, rediyon hannun nan, ya yi ta faɗa kamar yana tafiya, mu kuma mu bi shi ta sama.”

Brandvold ya dube ta, ya dubi gajimaren da ya fara ɗagawa daga gabas, ya mai da tsinkensa. Shi a wurinsa amincewa ke nan.

'Yar sandan da ke jagorantar neman ta miƙa wa Saburo oba-oba, ta nuna masa inda zai danna. Bai karɓa ba tukuna.

“Wa zai ji?”

“Kowa, Baba. In gajimare ya hana jirgi shiga, mutanena ne za su hau da ƙafa. Dole su ji hanya.”

Ya dubi masu neman da aka kira suna fitowa daga daji, jiƙe sharkaf, kowa da oba-oba a kafaɗa. Rabinsu ya san su, ya san iyayensu, kuma ya san abin da ke kawo su dajin nan kowane Oktoba in ba a neman kowa. Ya dubi Arlene, wadda ta matso ta ji komai. Sannan ya miƙa hannu ya karɓa.

Tun da aka ƙera jirgin nan bai taɓa tafiya irin ta ranar ba. Abin da ke cin mil ɗari da hamsin a awa guda ya koma yana rarrafe a kan hanyar katako, muryar tsoho tana jansa.

“Ku koma baya mil shida, hanyar da ta yi gabas. Gangara ce, ba sai kun taka feda ba.”

Nacho, wanda ke kwance a bakin ƙofa yana leƙen ƙasa, ya danne dariya har hular kwanonsa na rawa.

“Gada ta farko ku wuce. A ta biyu ku sauka, ku tura keken ƙarƙashi.”

“Mun tura, Baba,” in ji Brandvold, ko murmushi babu. “Sai ina?”

“Ku hau ta gefen rafi. Akwai kututturen da tsawa ta ƙona, dogo, baƙi. A nan nake zama in ɓare lemo.”

“Minti nawa ne daga gada?”

“A da can ashirin. Daga baya arba'in.”

Mataimakin matuƙi ya yi lissafin tafiyar tsoho a kan gangare, ya ce a duba rabin mil. Odessa ce ta hango shi, baƙin kututture tsaye a tsakiyar kore. Wani daɗi ya ratsa ta, irin na wanda ya daɗe yana jujjuya makulli ya ji ya shiga. Daga kututture zuwa inda duwatsu suka zube suka yi tsibi, daga nan zuwa inda rafi ya rabu biyu, duk suna nan yadda ya faɗa. Bayan nan kuma itatuwa suka haɗe kai suka rufe ƙasa ruf. Kyamarar da ke ganin zafin jiki ba ta nuna komai ba sai bareyi uku da suka watse da jin ƙarar farfela.

“Man minti arba'in ya rage kafin mu juya,” in ji Brandvold. Ƙwayar dusa ta farko ta sauka a gilashin gabansa, ta narke. Ba ta ma jira ƙarfe biyun ba.

Nacho ya sami wata 'yar kafa a tsakanin itatuwa inda wani babba ya faɗi. Ya maƙala wa Odessa ƙugiya, ya ja ɗamararta sau biyu ya tabbatar, ya ce, “In kin sauka ban da tambayar itatuwa shekarunsu.” Ta fita. Ƙafa ɗari da tamanin ta yi tana lilo, rassa suna marin ta, har takalminta ya nutse a gansakuka. Ta cire ƙugiyar, jirgin ya ja gefe don ta iya jin sauti.

“Baba Saburo, ina ƙasa.”

“Ki sa rafin a hagunki. Ki hau har sai kin daina jin ruwan.”

Ta hau. Ƙasar ja ce, mai santsi, irin ta wandonsa.

“Na daina ji.”

“To tsaya. Ki rufe baki ki shaƙa.”

Ta shaƙa. Da farko jiƙaƙƙen itace kawai ta ji. Sai wani abu ya biyo baya, kamar an zuba kirfa a cikin tsohuwar safa. Ta bi shi da hanci tana kiran sunan tsohon. Ta yi taku kamar talatin sai wata busasshiyar murya ta fito daga ƙarƙashin wani faɗaɗɗen itace.

“Kar ki taka nan. Zagayo.”

Ta zagayo. Minoru Kageyama yana kwance a cikin wani lungu, ya lulluɓa da rigar ruwa da ɓawon itace, ya ɗaure ƙafarsa ta dama da sandarsa da igiyar takalmi. Ɗan ƙaramin mutum ne, leɓensa ya tsage, idonsa kuwa tar. Ta danna oba-oba ta ce, “Na same shi. Yana raye, yana ma ba da umarni. A sauko da gadon ɗaukar majinyaci.” Ta saki madannin ta rage sauti kafin ihun da ya tashi a filin tsakuwa ya toshe mata kunne.

Ta duba shi da sauri. Ƙafar ta karye a sama da idon sawu, jikinsa ya yi sanyi ƙwarai, dunƙulen shinkafarsa ya ƙare tun Talata, ruwan sama yake tara da murfin fulas. Ta naɗe shi da bargon zafi, ta durƙusa za ta gyara ɗaurin, sai gwiwarta ta ture wani farin abu daga cikin gansakuka. Ya gangaro kamar ƙwai. Matsutake ne, ƙato, lafiyayye. Ta ɗauka za ta ajiye gefe, sai ta tsaya. Bai yi gardamar fita ba ko kaɗan. Kuma ƙasar da ke manne a gindinsa baƙa ce wuluk, alhali duk wurin ja ne. Ta taɓa wani da ke kusa, shi ma ya taso a hannunta. Ga jakarsa a gefe, rabinta cike da masu baƙin gindi.

“Baba, waɗannan ba a nan suka tsiro ba.”

“Ke ba ki iya yin aikinki kawai?”

“Ina yi. Hannu ke aiki, kunne zaune yake.”

Ya yi tsaki. Ya dubi oba-oban da ke ƙirjinta. “Abin nan a kashe yake?”

“Sai na danna suke ji.”

“Muryar Sab na ji a ciki ɗazu. Shi ya kawo ku.”

“Shi ne. A gaban kowa ya faɗi hanya, ya kuma faɗi yadda aka yi ya sani.”

Tsohon ya lumshe ido. “Wawa. Ran da ya bi ni, da jar hula ya zo, yana tari kamar akuya. Tun daga gada na gan shi. Sai na kawo shi nan, wani ɗan ƙaramin wuri ne da na sani. Na gasken yana bayan wancan doron, kuma ko ke ba za ki ji ba.” Ya cije leɓe da ta ja ƙafar ta miƙe ta. “Shekara biyar da suka wuce nan ɗin ya mutu, ya daina ba da ko ɗaya. To sai nake ɗebowa ran Litinin in zo in binne masa. Idonsa ya yi rauni, ba ya duba gindi.”

“Me ya hana ka ba shi a hannu?”

“Na gwada. Shekarar da aka sare nasu na aika masa kwando guda. Ya maido mini har gida, ya yi wata biyu ba ya ɗaga wayata. Akwai mutumin da gara ya sata da a ba shi.”

Gadon ya sauko ta cikin rassa yana juyi, ta kamo shi ta jawo. Dusar ta fara zuba sosai, tana taruwa a kafaɗunta. Tana cikin mirgina shi a kai ya riƙe mata hannu.

“Ni ban ji tsoro ba, kin sani. Da na zame na ji ƙashi ya ce ƙas, na ce kwana biyu ne, Laraba Sab zai zo. Ina hango jirginku can ƙetaren kwari kuna ta zagaye kamar ƙuda, ban damu ba. Jiya tun asuba na gyara kwanciya ina jiran tarinsa. Har rana ta faɗi.” Ya dube ta. “Me ya hana shi?”

Odessa ta ja igiyar gadon ta farko ta ɗaure. Ta so ƙwarai a ce ba ta sani ba.

“Ya zo, Baba. A gada ta biyu gwiwa ta hana shi. Ya ce kaka biyu ke nan bai iya hawowa.”

“Kaka biyu?”

“Haka ya ce.”

“To wa ke kwashewa? Ko ɗaya ba na tararwa.”

Ta mai da ido gefe. Ya juya kai ya bi inda take kallo. A jar lakar da ke gefen gansakuka, inda dusa ba ta kai ga rufewa ba, sawun kofato ne birjik.

Minoru ya yi wata irin dariya da ba ta da sauti, ƙirjinsa kawai ke motsi. “Kaka biyu ina hidimar bareyi,” ya ce. Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon rassan da ke samansa, dusa na sauka a girarsa bai share ba. Odessa ta ci gaba da ɗaure igiyoyi.

“Dokta, minti goma,” in ji muryar Nacho. “Yallaɓai ya fara tauna tsinken.”

Muryar Saburo ta shigo a bayansa. “'Yar nan, yana jina?”

“Ba ni abin,” in ji Minoru.

Ta ciro ta sa masa a hannu, ta ɗora yatsansa a kan madannin.

“Sab.”

“Ina ji.”

“Kowa na ji?”

“Kowa.”

“Madalla, su ji. Kai ɓarawo ne. Shekara goma sha ɗaya kana cin guminmu kana zuwa gidana shan shayi.” Ya numfasa. “Na bara ma kai ka kwashe. Na zo na tarar wayam, ko ɗaya ba ka bar mini ba.”

Ƙugin jirgin da ke dawowa ya cika samansu. Mutum arba'in da biyu da 'yan sanda da sojoji huɗu suna saurare. Odessa ta riƙe ƙugiyar a hannu, ba ta maƙala ba.

“Ni ne,” in ji Saburo daga ƙarshe. “Ni na kwashe. Da shinkafa na dafa su.”

“Ka cika musu gishiri, na san ka.”

“Na cika.”

Minoru ya saki madannin, ta karɓi abin ta mai da hannunsa cikin bargo ta ɗaure. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne, hannuwansa kuma a ɗaure suke cikin bargo, ba halin sharewa. Odessa ta share masa da bayan safar hannunta, ta maƙala ƙugiyar.

“Ce su ja mu, 'yar nan,” ya ce. “Sanyi nake ji.”